Zaman Direba

Kwana uku na yi ina koyon tuƙi ban ji kukan inji ba. Ƙarshen daminar 1979 ne, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, Inna ta ga yawon majalisa ya fara yi mini yawa, sai ta haɗa ni da ƙaninta. Kawu a lokacin yana jan Peugeot 504 doguwa, wadda bakinmu ya mayar Fijo wagon, tsakanin Kano da Kaduna, in hanya ta yi kyau har Jos. Ranar farko bayan la'asar ya ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya zare makulli ya jefa aljihu, ya ce, "Shiga ka zauna." Na shiga na kama sitiyari ina washe baki. Ya leƙo ta taga, ya ƙare mini kallo daga hula har silifa, ya ce, "Wannan zaman mai jiran tuwo ne. Fito."

Na fito, na sake shiga, ya sake fitar da ni. Sai a karo na huɗu ya ga dama ya yi bayani. Ya ce in tura ƙuguna can cikin kusurwar kujera, har ya zama ko tafin hannu ba zai shiga tsakanin bayana da majingina ba. Ya ce in taka kuloci har ƙasa. Na taka, ƙafata ta miƙe sambal, da ƙyar yatsuna ke kaiwa. Ya durƙusa ya ja ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, ya turo ni gaba mataki biyu, kuloci ya kai ƙasa, gwiwata kuma da sauran lanƙwasa. "Ƙafar da ta miƙe ta gama ba da abin da take da shi," in ji shi. "Ranar da birki zai nemi ƙarfinka duka, da me za ka biya shi?" Daga nan ya ɗaga majingina har na ji kamar ina gaban alƙali. Ya ce in miƙa hannu in ɗora wuyan hannuna a saman sitiyari, kafaɗata kuma kada ta rabu da kujera. Da hakan ya yiwu, ya ce to, sauko da hannayen ka kama gefe da gefe. Madubi ne ya zo ƙarshe, don a wurinsa wanda ya gyara madubi kafin ya gyara zama, wani mutum daban ya gyara wa. Silifa kuwa ya ce in bar ta a zaure, kada wata rana ta maƙale ƙarƙashin birki. Babbar riga in dole sai an sa, a naɗe hannayenta kan kafaɗa tun kafin a shiga.

Kwana biyun da suka biyo baya abin da na yi ke nan. Sai ya ɓata kujerar da gangan, ya kira ni in gyara, ya sake ɓatawa. Shekaru da yawa bayan haka na ga kusan wannan awo a ɗan littafin da ke zuwa da sabuwar mota, da zane da kibiyoyi. Kawu bai taɓa buɗe irin wannan littafi ba, shi ajami yake karantawa. Daga ubangidansa ya ɗauko, a cikin motar da kujerarta ba ta ma motsi.

Mota ta tarar da jirgin ƙasa a Arewa. Dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bunƙasa, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa tara buhuna dala-dala a bakin dogo. Jakuna da raƙuma ne suka fara kawo kayan daga ƙauye, sannan a hankali manyan motoci suka karɓi aikin, Bedford da Austin da 'yan uwansu na Ingila, waɗanda ake kawo kai da ƙashi, kafintocinmu su ɗora musu bodin katako. A irin wannan Bedford Kawu ya shiga sana'a cikin shekarun 1950, yana ɗan saurayi. Ba wanda ke shiga ta ƙofar gaba. Karen mota za ka fara. Kai ne wanki, kai ne lodi da ɗaure tamfol, kai ne zuba ruwa a lagireto da asuba, kai ne juya handil har inji ya tashi, kuma a hawa in mota ta gaza kai ne za ka diro da gudu ka danna waigi ƙarƙashin tayar baya kafin ta fara silalowa. Ɗan Maraya Jos bai yi wa karen mota waƙa a banza ba.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, wannan wahala makaranta ce ta jin mota. Yaron da ke kan kaya, ko maƙale a jikin bodi, yana zaune ne a inda kowane motsi ke ninkuwa. In mota ta kwanta a kwana shi ne farkon mai sani. In ya yi kuskure ya tara masu nauyi a sama ko can ƙarshen baya, jikinsa ne zai gaya masa kafin maigida ya tsaya ya gaya masa da mari. Kafin a yarda ya matsar da mota ko taku goma a cikin tasha, ya shekara uku ko huɗu yana sanin halinta da ƙashinsa.

Kujerar gaban kuwa benci ce, a kafe. Kawu ba dogo ba ne, don haka ya sa wani baduku ya ɗinka masa matashin fata, ya cusa masa rimi, shi yake sakawa a baya don ƙafarsa ta kai kuloci. Sitiyarin faffaɗa ne kamar faifai, kusan a kwance, babu wani abin da ke taya ka juya shi. Mota ɗauke da gyaɗa, in za ka karkata ta a ƙofar kasuwa, da kafaɗa da gadon baya za ka yi, kuma wannan ba ya yiwuwa ga wanda ya kishingiɗa. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke zama a miƙe, ƙirji kusa da sitiyari, kamar mai shirin tashi. Giya ba ta shiga sai ka taka kuloci sau biyu, ka daidaita kukan inji da totur a tsakani, in ba haka ba ta yi maka ƙarar da duk tasha za ta juyo ta dube ka. Sitiyarin kuma da wasa a cikinsa, kana iya juya shi faɗin tafin hannu taya ba ta sani ba, don haka hannun direba ba ya hutawa, kullum yana ɗan kai da kawowa kamar mai tankaɗe. Hanyoyin yawancinsu burji ne, rani ya mayar da su gargada. A gargada akwai wani gudu da in ka kai shi mota za ta daina jijjiga, ta hau saman tudun tana shawagi. Daɗi gare shi, amma a wannan lokaci taya ba ta riƙe da ƙasa sosai, in kwana ta zo ba shiri sai dai Allah ya kiyaye. Kawu ya ce ubangidansa kan sa shi ya rufe ido a kujerar gefe, ya faɗi lokacin da motar ta fara shawagi.

Duk wannan a gefen dama na mota aka yi shi, domin a hannun hagu na titi ake tuƙi, gadon Turawan Ingila. Giya da hannun hagu ake sa ta. Maƙwabtanmu kuwa, Nijar da Cadi da Dahomey, Faransa suka gada, a hannun dama suke. Direban da ya tashi daga Katsina za shi Maraɗi, da ya wuce Jibiya ya tsallaka iyaka sai ya koma ɗaya hannun, in ya dawo ya sake komawa. Ran Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta koma hannun dama. Gana ta biyo baya a 1974. Rediyo ta daɗe tana shela kafin ranar, kuma Kawu ya ce makon farko kowa tafiyar hawainiya yake yi, har masu keke. Da tsoro ya fara sakin mutane ne matsala ta fito, musamman a shataletale, da kuma da asuba in direba ya fito daga gidan mai babu wata mota a titi da za ta tuna masa.

Doka ta canja dare ɗaya, motoci ba su canja ba. Shekaru aka yi ana jan tsofaffin motoci masu sitiyari a dama a kan sabon hannu. Direba ya koma gefen daji, tsakiyar titi ta yi masa nisa, in yana bayan wata babbar mota ba ya ganin abin da ke tahowa sai ya fitar da kusan rabin motarsa. A nan karen mota ya samu ƙarin girma. Aka dawo da shi gidan gaba, kujerar hagu, ya zama idon maigida. "Da mota." "Da mota." "Ba kowa, maigida, fita." Rayukan mutum talatin a bakin yaro ɗan shekara goma sha shida. Da Kawu ya koma mota mai sitiyari a hagu, ya ce wata guda ya yi yana kai wa ƙofa duka da hannun hagu yana neman giya. Wani abin da ya fi wannan wuya shi ne awon faɗin mota. Shekara ashirin idonsa ya saba cewa jikin motar yana hagunsa, yanzu ya koma dama. Sai ya ɗauki bulo biyu ya je fili, ya yi ta wucewa tsakaninsu yana matso da su, har ido ya sake koyo.

Sai zamanin Fijo ya zo. Da ma 404 ta riga ta yi suna, mai giya a jikin sitiyari, da akori-kurarta da ke zuwa kowace kasuwar ƙauye. Ita ce ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka sau huɗu cikin shekarun 1960. Ƙanwarta 504 ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ita ma ta ci Safari a 1975. A wannan shekarar ce masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara fitar da motoci, kuma akwai lokacin da a jirgin sama ake ɗauko sassan daga Liyon a sauke a Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Bayan rasuwar Murtala, gwamnatin Obasanjo ta ce manyan ma'aikata su rage ƙawa su shiga Fijo, sai ta zama motar kwamishina, motar ɗan sanda, motar amarya, motar tasha. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000.

Ga mutumin da ya taso a benci, kujerar 504 wata duniya ce. Tana gaba tana baya, majingina na tashi tana kwanciya, ga taushi. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta na da nisan hawa da sauka, rami sai dai ka ji shi can nesa. Wagon ɗin sifirin huɗu gare ta a baya, bibbiyu kowane gefe, don ɗaukar nauyi. Sitiyarinta ba shi da wasan nan na roka irin Bedford, ka ɗan taɓa ta amsa. Kawu ya so ta, amma bai yarda da taushinta ba. Yakan ce roka ihu take yi in wani abu na damunta, Fijo kuwa raɗa take yi, wanda bai manne da kujera ba ba zai ji ba.

Na ga yadda yake sauraron wannan raɗa a 1981, da wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwarmu ya roƙe shi ya duba masa 504 salun ta hannu. Dillali ya wanke ta tana ƙyalli, ya kunna kaset, ya buɗe bonet yana yabon inji. Kawu bai ko kalli injin ba tukuna. Ya zagaya kusurwa huɗu, kowacce ya ɗora nauyinsa ya danna ya saki. Uku suka taso suka tsaya cak. Ta baya ta dama ta taso, ta koma, ta sake tasowa. Bai ce komai ba. Ya tsuguna yana shafa fuskar kowace taya da tafin hannu kamar mai duba rago. A hanya daga baya ya karanta mini abin da ke rubuce a wurin: taya in ta cinye a gefe biyu ta bar tsakiya, ƙarancin iska ne, in tsakiya ta cinye, iska ta yi yawa, in gefe ɗaya ne kawai, ƙafar ba ta kallon inda ya kamata, in kuwa ka ji tudu da kwari bi da bi, shokazoba ta mutu taya na tsalle. Ya kama tayar gaba da hannu biyu ya girgiza ta hagu da dama, sannan sama da ƙasa, kunnensa a kusa. Sai ya ce wa dillalin ya ja motar a hankali ya miƙe, mu kuma muka tsaya a baya muna kallo. Abin da yake nema shi ne ko tayoyin baya na bin sawun na gaba, domin motar da ta taɓa cin babban karo, ko an yi mata fenti bakwai, tafiyar kare take yi, gindi a karkace.

Sannan ya shiga. Minti biyu ya yi yana gyara kujera, dillali na ta duba agogo. Ya kashe kaset, ya ce kowa ya yi shiru. Muka fita hanyar Zariya. Da ya samu miƙaƙƙen wuri ba kowa, ya buɗe tafukansa ya bar sitiyari tsakaninsu. Motar ta fara zamewa dama a hankali. Alhaji ya ce, "Malam, ai tana ja." Kawu ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, titin ne. An gina shi da ɗan gangare don ruwa ya sauka." Don ya tabbatar, da hanya ta yi fili sai ya hau tsakiyar kwalta daidai, ya sake saki, ta miƙe. Ya taka birki hannu a sake, bai ji ta fizga ko'ina ba. Sai ya sauka wata hanyar burji da ya sani kamar tsakar gidansa, mai kwana ɗaya zuwa hagu da 'yar gargada a cikinta. Ya shiga kwanar da gudun da ya saba shiga da tasa motar. Ni ban ji komai ba. Shi kuwa ya ce gindin ya yi ɗan taku ɗaya waje. Ya juyo ya sake bi, ya ce in sa bayana sosai a kujera in daina kallon hanya. A karo na biyu na ji shi, ɗan motsi kamar an ja tabarma kaɗan a ƙarƙashina. Hukuncinsa gajere ne: ƙashinta lafiya, a saya, amma a cire kuɗin shokazoba biyu na baya, don ba a canja ɗaya a bar ɗaya. Sai a lokacin ya je ya leƙa inji.

Na so in ce darasin ya zauna mini tun daga nan, amma ƙarya zan yi. A 1984 na samu aiki na sayi Volkswagen Beetle ta hannu, irin waɗanda ake haɗawa a Legas. Ita injinta a baya yake, gaba ba nauyi, har wasu kan ajiye buhun yashi a but ɗin gaba. A lokacin yayi ne saurayi ya kwantar da kujera, hannu ɗaya a saman sitiyari, gwiwar ɗayan a taga. Na bi yayi. Wata Asabar da damina za mu ɗaurin aure ƙauye, mu huɗu, an ɗan yi yayyafi, jar ƙasa ta yi santsi. Na shiga wata kwana da ɗan gudu, na tsorata, na ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya. Nauyi ya koma gaba, gindi ya saki. Ban ji lokacin da ya fara ba, domin kafaɗuna ba sa jikin kujera. Da na farga, jikina ya riga ya zame, sitiyarin da ya kamata in juya shi ya zama abin da na riƙe don kada in faɗi. Muka juya muka shige gonar gero da baya. Ba wanda ya ji ciwo sai aljihuna, don mai gona bai yafe ba.

Da aka jawo motar gida Kawu ya zo. Ina nuna masa inda ta lotsa, bai kalla ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya kama majingina yana ɗago ta, yana ƙirga ƙarar da take yi a fili. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Ya rufe ƙofa, ya shiga gida gaida yayarsa.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, ta fi ƙarfin mai motar haya. Aka koma 'yan Kwatano, tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar jirgin ruwan ƙasar Binin, da yawansu su biyo ta Nijar su shigo. A hankali Golf ta ture Fijo a tashoshi. Ita kuwa da tayoyin gaba take ja, halinta daban. Fijo a burji in ka matsa mata gindi take bayarwa, ka tare da sitiyari. Golf in ka shiga kwana da gudun da ya wuce kima hanci ne ke ƙin juyawa, ta nufi daji kai tsaye, kuma ƙara murɗa sitiyari ba ya magani, sai ka sassauta totur a hankali ta dawo hanya. Tsofaffin hannu da yawa sun sha mamaki kafin su gane. Ga Hiace mai tsayi, wadda in aka ɗora mata kaya a rufi take kwanciya a kwana kamar raƙumi zai durƙusa.

A ganina abin da ya fi canja sana'ar shi ne sauƙin tuƙin kansa. Sitiyari mai fawa da yatsa ɗaya ake juya shi, mota mai giya da kanta ba ta da kulocin da zai tilasta maka matsowa. A da mota ce ke hukunta wanda bai iya zama ba, tun kafin ya fita daga tasha. Yanzu tana ƙyale shi, sai ranar da taya ta fashe a guje. Shekarun karen mota ma sun taƙaita, yaro kan yi 'yan watanni yana wanki ya samu makulli. Sannan ga lodi. Wagon ɗin Kawu ma ba waliyyiya ba ce, biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya yake ɗauka. Amma kujerarsa tasa ce shi kaɗai. Yau a hanyoyin ƙauye za ka ga an zaunar da fasinja a kujerar direba, direban ya manne da ƙofa, rabin jikinsa a taga, yana miƙa hannu ta kan cinyar mutum yana sa giya, ƙafarsa na zuwa wa birki a karkace. But a buɗe, an ɗaure buhuna da igiya har gaban motar ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau. Ba na cewa son ransu ne. Ga kuɗin mai, ga balas ɗin mai mota, ga na ƙungiya, ga na hanya. Amma mutumin da ke zaune haka ba tuƙi yake ba, rakiya yake yi wa mota.

Ba kuma duk abin da tsofaffi suka sani ne ya tsira ba, gaskiya ɗaya ce. An kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma daga 2003 aka matsa kan ɗaura bel. Kawu ya daɗe yana cikin masu jawo shi su riƙe da hannu in sun hango jami'ai, ya sauka da layin ƙura a farar riga. Zamansa na roka, ƙirji dab da sitiyari, haɗari ne a motar da ke da jakar iska, domin ita da ƙarfi take fashewa, ana so a bar kamar santimita 25 tsakaninta da ƙirji. Riƙon sama-sama da aka koya musu shi ma an sauko da shi, hannu ɗaya daidai ƙarfe tara na agogo, ɗaya daidai ƙarfe uku. Matashin kai da yake cirewa wai yana tare masa gani, shi ke tare wuya in an buge ka ta baya. Birki kuma, shi ya saba taka-saki taka-saki don kada taya ta kulle, motar yanzu kuwa da kanta take wannan, abin da take so ka danne ka riƙe. Mun yi musu a kan wannan har Inna ta raba mu. Bel ya karɓa daga baya, da ya lura yana riƙe masa ƙugu a kusurwar kujera, inda da ma can yake so ya zauna. Maganar birki har yau bai sallama ba.

Bara na ɗauke shi zuwa Zariya ganin likitan ido. Yana ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali, ya fi shekara goma rabonsa da sitiyari. Na zaunar da shi gidan gaba, na nuna masa maɓallin da ke matsar da kujera da lantarki. Ya yi ta wasa da shi har muka fita gari, gaba, baya, sama, ƙasa, kafin ya samu inda yake so, a miƙe kamar kullum. Ƙafarsa ta dama na taka birkin da babu shi duk lokacin da muka kusa wata tirela. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai ya ce, "Kai, ɗan nan, tayarka ta baya ta wajena ba ta da iska."

Na ce, "Kawu, shekaranjiya aka duba su."

"To."

Bai ƙara magana ba, ni kuma na kasa samun sukuni. A Tashar Yari na tsaya wurin mai faci. Yaron ya ce abin awonsa ya lalace tun makon jiya. Ya ɗauki ƙarfe ya ƙwanƙwasa ta hagu, ya zagayo ya ƙwanƙwasa ta dama, ya ce shi dai duk ɗaya yake ji. Kawu ya buɗe ƙofa ya fito yana lalube, ya dafa jikin motar har ya kai ga tayar, ya tsuguna da ƙyar, ya danna gefenta da babban yatsa. Ya ce a ƙara. Yaron ya dube ni, na ce ya ƙara. Ana cikin ƙarawa Kawu ya ɗaga hannu, aka tsaya. Na biya, na taimaka masa ya koma ciki, ya sake gyara kujerar da ba wanda ya taɓa ta, muka kama hanya don kada layin likita ya wuce mu.